Furfurar Kaka Hulda

Yammacin wata Juma'a ne. Rana ta yi ja ta kusa faɗawa bayan gonakin citta, hayaƙin murhu ya kwanta a kan gidajen da ke bayan layin dogo a Kafanchan. A gidan marigayi Samson, gida na ƙarshe kafin a shiga gona, an zaunar da matarsa Kaka Hulda a kan 'yar kujera a tsakar gida, an yafa mata tsohon buhu a kafaɗa. Ba ta so ba. Tun safe take cewa ba ta so.

Kaka Hulda ta haura shekara tamanin, kuma kanta fari ne fat, babu baƙi ko sili ɗaya. In ta gyara ɗankwali a zumuntar mata sai ka ce auduga aka ɗora mata. 'Yarta Afiniki ce ta dawo daga kasuwa da kwalin baƙin rini, irin wanda ita kanta take shafawa duk wata, shekara goma ke nan, don kada a ga tata furfurar. Auren Nathan, ɗan Afiniki, saura wata ɗaya, kuma washegari mai hoto zai zo ya ɗauki hoton iyali da za a buga a kalandar biki.

"Mama, ki zauna shiru mana," in ji Afiniki tana dama rinin a murfin roba. "Har Anacha surukanmu za su kai kalandar nan. Ba za a ce na bar uwata kamar wadda ba ta da mai kula da ita ba."

"Furfura datti ce?" Kaka ta tambaya.

"Ban ce datti ba ce."

"To me kike son rufewa?"

Afiniki ta ci gaba da dama rinin. Abin da ba ta faɗa ba kowa ya san shi: in mutane suka ga kan uwa, sai su fara lissafin shekarun 'ya.

Duk wadda ta taɓa rina gashi a gida ta san cewa kafin a taɓa rini sai an shafa basilin a gefen goshi da bayan kunne da ƙeya, don kada ya kama fata. Afiniki ta sani sarai. Amma tana sauri, duhu na zuwa, ba wuta, tuwo bai hau ba. Safar hannun da ke cikin kwalin ta yage, ta ɗaura leda, ledar ma ta fashe, ta ja tsaki ta ci gaba da hannunta haka nan. Rinin ya yi ruwa. Ya gangaro ta goshin tsohuwa, ya bi bayan kunnuwanta, ya zubo har wuya. Da aka wanke kan, gashi ya yi baƙi wuluk kamar gindin tukunya, fuska kuma ta yi zane-zane kamar an yi mata wasa da gawayi.

Peculiar, autar Afiniki, 'yar shekara goma sha tara, ta fito daga ɗaki ta fashe da dariya. Da ta ga idon kakarta sai dariyar ta maƙale.

Nan fa Afiniki ta rikice. Ta kawo soso da sabulu ta dirje, bai fita ba. Ta kawo toka. Ta yanka lemon tsami. Ta matso man goge baki. Daga ƙarshe ta jiƙa tsumma da kananzir ta hau goge goshin uwarta kamar mai wanke kwanon da ya kama. Abin da ɗan man gyaɗa da haƙurin kwana biyu zai ɗauke, shi ta so ta cire kafin magariba. Fatar tsohuwa ba ta da kauri. Ta saɓule a wuri uku, ta yi ja, kananzir ya shiga ciwon.

Kaka Hulda ba ta yi kuka ba. Ta miƙe a hankali, ta yar da buhun, ta ɗaura ɗankwali har kan girarta.

"Kin gama?" ta ce. "Na gode, uwata."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

A bayan gidan akwai wani faffaɗan dutse mai ramuka uku, inda matan zamanin da suke niƙa hatsi. Fiye da shekara arba'in, kullum da magariba, Kaka Hulda takan je ta zauna a kansa, ta cire ɗankwali iska ta sha kanta, ta ce, "Sannu da yamma, mai wuri." Ba ta yanka komai, ba ta zuba komai, mace ce mai zuwa sujada tun kafin a buga ƙararrawa. Gaisuwa ce kawai. Surukarta, uwar Samson, ita ta koya mata. 'Yan gidan sun ɗauka surutun tsufa ne.

Ran nan ba ta je ba.

Ana kwashe tuwo, sararin sama bai gama rufewa ba, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Ƙarar ta kai har gidajenmu na maƙwabta. Kaji suka watse daga akurki. Afiniki ta fito da muciya a hannu tana zagin 'ya'yan unguwa, ta zagaya gidan kaf, babu kowa, sai ganyen citta yana tsaye ko motsi ba ya yi. Tana juyowa na biyu ya faɗo, ya mirgino ta kan kwano a hankali, ya sauka dab da ƙafarta. Da ta taɓa shi da zafi, kamar an ciro shi daga murhu.

Washegari mai hoto ya zo ya zauna har ya gaji. Kaka ta ƙi fitowa. Ya naɗe kayansa ya hau mashin ya tafi.

Daga ranar, gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da rana komai lafiya lau. Amma da zarar inuwar mangwaro ta taɓa bakin rijiya, sai shiru ya sauka, irin shirun da ko tsuntsu ba ya karyawa, sannan jifa ya fara. Kwana uku ana haka, sai murya ta biyo baya. Muryar tsohuwa ce, a shaƙe, tana zagaya katanga kamar mai neman akuyar da ta ɓace.

"Ina kuka sa ta? Ina kuka sa ta?"

Akwai kuma hannuwan Afiniki. Rini in ya kama hannu, mako ɗaya ya isa ya koɗe. Nata sai ƙara baƙi suke yi, tun daga farce har wuyan hannu. A shagonta na kasuwa ta koma miƙa wa mutane kaya da tsumma a hannu.

Fasto Alexander ya zo da dattawa biyu, suka yi addu'a ɗaki ɗaki. An samu shiru na kwana biyu. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar Kaka ya daɗe, sannan ya ce wa Afiniki, "Akwai maganar da ba a faɗa ba a gidan nan. Ki nemi mamanki." Afiniki ta ce ita ba ta yi wa kowa laifi ba, gyara ta yi, kuma ba za ta durƙusa don ta gyara uwarta ba.

Ita kuwa Kaka Hulda tana ɗaki tana jin komai, kuma ta san ko wace ce ke jifa. Kalma ɗaya za ta faɗa, amma fushi ya riƙe mata baki. Cewa take a ranta, bari su ɗanɗana. Wannan laifinta ne, kuma ni da nake ƙawarta na faɗa mata a gabanta daga baya. Fushin tsoho ma yana cin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Ran kwana na goma sha huɗu, Peculiar na zaune a ƙofar kicin tana tsintar acca. Inuwa ta taɓa rijiya. Faifan ya zame daga cinyarta. Ta miƙe, amma ba miƙewar yarinya ba: bayanta ya tanƙware, gwiwoyinta na rawa, idanunta sun yi fari-fari kamar an zuba musu nono. Ta nufi uwarta tana laluben iska, ta fizge mata ɗankwali, ta kawo fuska dab da kanta ta duba, ta ture ta. Ta yi wa Nathan haka. Sannan ta durƙusa a tsakiyar gida ta fara tonon ƙasa da farcenta.

"Nan kuka binne ta? Ko nan?"

Maza biyu suka kasa ɗaga ta. Sai da duhu ya rufe sannan ta faɗi kamar tsumma. Da safe ba ta san kowa ba, ba ta ci, ruwa ma sai an ɗura mata. Kullum da magariba sai ta tashi ta yi tono. Tsakar gidan ya koma ramuka, farcenta biyu suka cire.

A rana ta uku da kamuwar yarinyar Kaka Hulda ta buɗe ƙofa. Ta dogara sanda ta zagaya bayan gida, ta hau dutsen, ta cire ɗankwali, ta ce, "Sannu da yamma, mai wuri. Ni ce." Ba ta rufe baki ba dutse ya same ta a kafaɗa, ya kayar da ita. Nathan ne ya ɗauko ta.

Kwana biyu tana jinyar kafaɗar. Ran na uku da safe ta ce a kira mata mai mashin. Afiniki ta tare ƙofa.

"Ina za ki, Mama?"

"Wurin Malam Abubakar Siddiƙ."

"Malam? Me za a ce a coci?"

"A ce abin da za a ce. Da kika zuba min kananzir a goshi, coci kika tambaya? Matsa min."

Malam Abubakar Siddiƙ tsohon abokin aikin Samson ne a reluwe, shekara talatin suna cin abinci a kwano ɗaya. Bayan ya bar aiki ya koma ga littattafansa, kuma an san shi da sanin yadda ake magana da waɗanda ba a gani. Ya iso bayan la'asar, da buta da 'yar jakar fata. Bai yi hayaƙi ba, bai ɗaga murya ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida tsakanin ramukan, aka kwantar da Peculiar. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ya zauna daga gefen kanta yana karatu ƙasa-ƙasa, yana jiran inuwa.

Inuwa ta taɓa rijiya. Kaji suka yi tsit. Yarinyar ta tashi zaune, bayanta ya tanƙware.

"Baiwar Allah," in ji Malam, "me wannan yarinya ta yi miki?"

"Sun binne ta ba su gaya min ba." Muryar ta fito kamar ana jan dutse a kan dutse.

"Wa suka binne?"

"Mai farin kai. Da ta farkon, uwar Samson, za ta tafi, wannan ta zo ta faɗa min, ta nuna min furfurarta guda bakwai, ta ce ita ce ta gaje ta. Haka ake yi. Ina nan tun kafin a shimfiɗa ƙarfen jirgi. Na bar musu wuri suka yi gini, na hana maciji shiga musu ɗaki. Gaisuwa kawai nake karɓa. Yanzu sun ɗauke ta sun rufe kamar mushen kare, ko a ce min ta tafi!"

"Ga ta nan zaune a gabanki, da ranta."

"Ƙarya kake, Malam. Idona ya mutu tun tuni, ba na ganin komai da magariba sai fari. Na duba kowane kai a gidan nan. Duk baƙi. Gidan yara ne, ba babba."

Kaka Hulda ta buga sanda a ƙasa. "Ni ce, makauniyar banza! Ba ki san muryata ba?"

"Murya kowa na iya aro. Wata mai baƙin kai ta zo da ita rannan, na jefe ta."

Malam ya dubi baƙaƙen hannuwan Afiniki, ya dubi ɓawon ciwon da ke leƙowa ƙarƙashin ɗankwalin tsohuwa.

"'Yata, yau kwana nawa da kika shafa mata abin nan?"

Afiniki ta ƙirga da yatsu. "Goma sha tara, Baba."

"To gashi bai tsaya jiranki ba. Maman Afiniki, cire ɗankwalin. Ke kuma zo ki tsaga mata kai, ki buɗe har fata."

Tun ranar Juma'ar nan Kaka ba ta kalli madubi ba, ba ta bar kowa ya ga kanta da rana ba. Ta zare ɗankwalin ta jefar. Afiniki ta durƙusa a bayanta, ta sa yatsu ta raba gashin biyu. A can ƙasa, a gindin kowane sili, ga fari nan ya tsiro, tsawon ƙwayar shinkafa, layi guda tun daga goshi har ƙeya, yana haske a cikin duhun da ke sauka.

Yarinyar ta rarrafo. Ta kawo fararen idanunta dab da layin. Ta daɗe. Sannan ta ɗora yatsunta masu ciwo a kai, a hankali, kamar mai taɓa jariri.

"Hulda," in ji muryar. "Kina ciki ashe."

"Ina ciki. Ina zan je?"

Sai muryar ta canza, ta yi kauri har kwanon rufi ya amsa. "Wa ya rufe ki? Wane hannu ne? A ba ni shi. Zan busar da shi ya zama itace."

Afiniki ta ɓoye hannuwanta a bayanta.

"Ba za a ba ki ba," in ji Malam, bai ko ɗaga kai ba. "Ba ki da iko da jikin ɗan Adam. Kin riga kin zalunci yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kuma za ki amsa wannan a gaban wanda ya halicce mu da ku."

"Bar ni da ita, Malam," in ji Kaka Hulda. Ta juya ta fuskanci jikarta. "Shekara arba'in ina gaishe ki, da ruwa da rana, har ranar da aka binne mijina ban fasa ba. Sau ɗaya na yi fushi, sai ki kama min jika? Dubi farcenta! 'Yar da ta ɓata min kai tawa ce, ni na haife ta, ni zan yi fushi da ita. Ba ke ba. Ki taɓa hannunta ki gani in zan ƙara zama a dutsenki."

Wani ɗan dutse ya gangaro daga kan kwano shi kaɗai, ya faɗi can gefe.

"To a cire baƙin," in ji muryar, ta yi ƙasa. "In gan ki."

"Wannan ba ya wankuwa," Malam ya ce, "sai dai a yanke."

Rabon Kaka Hulda da aski tun makokin Samson. Kowa a gidan ya san haka. Ta dubi 'yarta. "Ɗauko almakashi. Da hannun da kika shafa, da shi za ki yanke."

"Saura ɗaya," in ji muryar. "Hulda ta kusa. In ta tafi, wa zai zo ya gaya min? Wa zan gani? Ita wannan mai hannun, na ji warin abin a kanta ita ma. Akwai fari a ƙasa. Ta bar shi ya fito."

Afiniki ta zabura ta miƙe. "Ni? Ina ruwan aljana da kaina? Biki saura kwana goma! In fita gaban surukai kamar kakar ango? Wallahi ba zan..."

Idonta ne ya sauka a kan hannun Peculiar, a kan yatsun nan biyu da ba farce, ƙasa ta bushe a cikin ciwon. Ta tsaya da baki buɗe. Sannan ta zauna daɓas a bakin rami.

"Na bari," ta ce. "Allah ya isa, amma na bari."

"Kin ji," in ji Malam. "Ga nawa sharaɗin. Ba jifa, ba murya, ba ki ƙara shiga jikin kowa a gidan nan har abada. In kin rasa wani, ki jira a zo a faɗa miki. Yanzu fita, ta inda kika shiga."

Ya ci gaba da karatu, ya yayyafa ruwan buta a fuskar yarinyar. Peculiar ta yi atishawa sau uku, ta kife. Da ta buɗe ido, baƙin idonta ya dawo. Ta dubi ramukan tsakar gida, ta dubi hannunta, ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Kafin duhu ya gama rufewa Afiniki ta yanke gashin uwarta, tana yi tana kuka tana tsaki. Baƙin ya zube a ƙasa, abin da ya rage ɗan fari ne kamar an barbaɗa gishiri. Da ta gama, ba wanda ya sa ta, ta shiga ɗaki ta ɗebo man kaɗanya, ta narkar da shi a tafinta, ta shafa a goshin da ta saɓule da bayan kunnuwan da sauran baƙi ya maƙale, a hankali, da ɗan yatsa ɗaya. Kwana uku tana yin haka safe da yamma, tana gogewa da tsumma mai ɗumi. Baƙin ya tafi bai bar tabo ba.

An yi bikin Nathan. A hoton kalanda Kaka Hulda na zaune a tsakiya ba ɗankwali, ta ƙi ɗaurawa. Afiniki na tsaye a bayanta ta naɗe hannuwa cikin gyale, fuska a murtuke. Har Anacha aka kai ta.

Hannuwan ba su washe lokaci ɗaya ba. Yadda farin ke fitowa a kanta, haka baƙin ke ja da baya, daga wuyan hannu zuwa tafi, daga tafi zuwa yatsu. Wata biyar aka yi kafin farcen ƙarshe ya koma daidai.

Yanzu in ka bi ta bayan gidan da magariba za ka ga mata biyu a kan dutsen, ɗankwali a cinya. Babbar takan ce, "Sannu da yamma, mai wuri." Ƙaramar ba ta cewa komai, har yau fushi take. Sai uwar ta zungure ta da sanda.

"Sunkuyar da kan mana. Ba ta gani sosai."

Afiniki ta ja tsaki, ta sunkuyar.